Awa Biyu Tsakanin Kano da Sakkwato

Kaltume ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa zaure ta dawo. A zauren Maniru ne, saurayinta ɗan Bodinga, wanda Turawa suka ɗauka masinja a filin jirgin sama na Kano. In an ɗaura aure, can zai tafi da ita. Inno kuwa, kakar da ta raine ta a Shagari tun rasuwar uwarta, ta ƙi.

"Ta ce in ta mutu, kahin in iso an ruhe ta," in ji Kaltume ga Maniru da ta sake leƙawa, murya ƙasa-ƙasa. "Ka hwaɗa mata abin da ka hwaɗa mini. Jirgi awa biyu. Ka tsaya nan, don Allah, kak ka ƙara komi."

Maniru ya shiga ya durƙusa.

"Angona mai hular Nasara," in ji Inno. "An ce kana da tsuntsun da ka haɗiye hanya. Kano nesa ta, ko kusa?"

"Daga hilin Kano zuwa na Sakkwato, mil ɗari biyu da ɗoriya, Inno. A tashi da hantsi, a sauka kahin azahar."

"To, ashe ɗiyata za ta ga huskata."

Kaltume ta saki numfashi daga bayan zana. Maniru ya dubi hannun tsohuwar, siriri kamar karan gero.

"Ba ta gani, Inno. Jirgin ba kullum yaka tashi ba, kuma ba irinmu ka shiga ba. Sai labari ya kai mu tukuna, sannan mu nemi lori."

Kaltume ta fashe da kuka. Inno ta ce ya tashi ya tafi.

Damina guda Maniru ya yi a Kano shi kaɗai. Duk jirgin da ya ɗaga ya nufi yamma, sai ya bi shi da ido har ya zama ɗigo. Kaltume ta yi fushi, fushin ya huce, ta ci gaba da korar masu zuwa zance.

Da lokacin girbi ya yi, Inno ta aika ya zo.

"Wanda bai ɓoye mini nisa ba, ba ya ɓoye mini ciwon ɗiyata," ta ce. "Ku tahi."

Aka ɗaura aure, suka tafi Kano. Shekarar da Kaltume ta haihu, Inno ta cika. Kamar yadda Maniru ya faɗa, sun iso ƙasar kabarin ta riga ta bushe. Maƙwabciya Zulai ta tare Kaltume a ƙofa.

"Ta ce kak ki ga laihinai. Ta yi bankwana da ke tun ranar da ya hwaɗa mata gaskiya."

Kaltume ta sauko da jaririyar, mai sunan Inno, ta miƙa wa mijinta.

Mai son ɗiyar mutane, ya gaya musu tsawon hanyar duka, har da wurin da take da zafi.