Numfashin Injin Ɗana

Maƙwabta suka ce injin motar da ɗana ya haɗa a gida ba tari yake ba, numfashin mutum ne. Na ce camfi dai, fulogi ne. Gobe zai ɗauki jikokina a motar, shi ya sa da almuru na tayar da ita, ina zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, ba nan ba ne," in ji wani baƙo a gefena. Tafinsa na kan ƙarfe mai zafi, ko gezau. Injin na shaƙewa, shi ma sai ya shaƙe. "Fistan ɗina kuka sa."

Na ƙwala wa ɗana kira: "Kai, ina ka samo fistan?"

"Jikin wata mota da ta kife, Mama. Direban bai fita da rai ba."