Minti Goma Sha Biyu a Bakin Kwalta

Tayar motar babanta ta kawo shagonsa na faci, ɗaure a bayan babur. Ya cire ƙusar, ya liƙe, ya hura iska, ya ɗora gejin auna iska. Ya cire, ya sake ɗorawa. Da ya ɗora karo na uku sai haƙurinta ya ƙare.

"Malam, taya kake aunawa ko jariri?"

"Jariri ai rai ɗaya ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Wannan rai biyar take ɗauka."

Ta yi dariya. Ya ɗago ya dube ta, gejin ya suɓuce daga hannunsa.

Auta ake ce mata a gida, malamar makaranta ce. Shi kuwa a gareji Sarkin Tsoro suke kiransa, amma ita ta raɗa masa Mai Geji. Kafin wata uku saƙonni sun yi ta kai da kawo a tsakaninsu.

"Mai Gejina, ka ci abinci, ko shi ma sai ka auna?"

"Na ci, Hasken Idona. Zuciyata ce dai ta ƙi aunuwa tun ranar da kika zo."

Da ya je gaida mahaifinta, abin bai yi kyau ba. Baba tsohon direban manyan motoci ne da ya ajiye sitiyari ya koma noma a hayin kogi. Ya miƙa masa hannu, ya ji hannun saurayin yana rawa, jiƙe da gumi. Ko tabarma bai ce ya zauna ba.

"Ba zan ba matsoraci 'yata ba," ya gaya wa Auta bayan tafiyarsa. "Ranar da wuta ta tashi, ke zai tura gaba. Ga Guguwa nan, namiji."

Guguwa direba ne mai sabuwar mota da babban baki. Tayoyinsa kullum a cike suke tam kamar dutse, wai ta fi gudu. Mutane haka suke: suna ganin mai hayaniya su ce jarumi.

Wata Asabar Guguwa ya ɗauki Baba da Auta zuwa gona don neman suna. Da azahar wayar Mai Geji ta yi ƙara. Auta ce.

"Maciji ya sari Baba a ƙafa. Motar Guguwa ta kafe a tsakiyar yashin kogi. Hadari ya haɗu a kan tsaunuka. Don Allah ka zo, ina jin tsoro."

Sau biyu makulli yana faɗuwa daga hannunsa kafin ya tayar da tsohuwar motarsa. A bakin kogin ya tsaya. Kogin busasshe ne, yashi zalla, amma kowa ya san in an yi ruwa a tsaunuka ambaliya ba ta sallama. Can tsakiya ya hango motar Guguwa ta nutse har ciki, Auta tana ɗaga masa mayafi.

Ya durƙusa a gindin taya ya danna bawul. Iska ta riƙa fita, yana duba geji, daga talatin da biyar har sha biyar. Taya mai tauri haƙa yashi take yi, mai laushi kuwa baje ciki take ta taka shi kamar tafin raƙumi. Ya bi huɗun duka, sannan ya shiga a hankali, ba ya taka burki, ba ya murɗa sitiyari da ƙarfi.

Baba yana kwance a inuwar mota, ƙafar ta kumbura, leɓɓansa sun bushe. Suka ɗora shi a kujerar baya, kansa a cinyar Auta. Guguwa ya faɗa gaba, babu ko sannu.

Suna juyowa aka yi tsawa. Wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, ɗauke da warin laka.

"Taka mana!" Guguwa ya daka masa tsawa. "Ruwa na zuwa!"

Bai taka ba. Haƙoransa suna haɗuwa, yana ta salati, motar tana tafiya kamar mai ciwon baya. Da suka hau gangare Auta ta waiga, ta ga jan ruwa ɗauke da itatuwa ya rufe motar Guguwa har gilashi. Ta rufe baki da hannu.

Suna isa kwalta sai ya gangara gefe ya ja burkin hannu.

"Me ya faru?" in ji Auta.

"Sai na mayar da iska."

"Iska? Yanzu? Ba ka ganin Baba?"

Ya fito da ƙaramin famfo mai aiki da batir, ya maƙala a tayar gaba. Famfon ya fara kuka, allurar geji tana hawa kamar ba ta so.

Guguwa ya zagayo. "Kai, mai faci, ba ni makulli in kai tsohon nan asibiti."

Mai Geji ya dubi ƙirjin Guguwa. Ya kashe motar, ya zare makullin ya jefa cikin aljihu.

"Ko za ka doke ni, ka bari in gama."

Guguwa ya ci kwalarsa ya jijjiga shi, ya watsar. Mai Geji ya tashi ya koma taya ta biyu. Baba ya fara amai. Auta tana kuka, tana dukan gilashi.

"Za ka kashe min uba saboda roba! Wallahi gaskiyar Baba, matsoraci ne kai!"

Ya ci gaba da hura iska. Hawaye da gumi suka haɗu a haɓarsa. Minti goma sha biyu ya ci a wurin, sannan ya shiga ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

An karɓi Baba, aka yi masa allurar kashe dafi. Mai Geji yana tsaye a baranda saƙo ya shigo.

"Da Baba ya cika a bakin hanyar nan, da har abada ban yafe maka ba. Kada ka sake kirana."

Kwana uku yana faci ba ya ganin abin da yake liƙewa. In waya ta yi ƙara sai ya zabura, yana tsoron a ce masa tsohon ya rasu. Rana ta huɗu saƙonta ya zo, babu gaisuwa.

"Baba na nemanka. Ɗakin maza, gado na shida."

Ya same shi a jingine da filo, ƙafa a naɗe. Auta tana gefe, ta kawar da kai. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Nawa ka sauke a yashi?" Baba ya tambaya.

"Sha biyar, Baba."

"Nawa ka mayar?"

"Talatin."

"Ba talatin da biyar ba?"

"Babu lokaci, Baba."

Tsohon ya juya wajen 'yarsa. "Ke da bakinki kamar reza, saurara. Ina kwance ina jin famfon nan, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Taya mai sha biyar, a kan kwalta mai zafi, da gudu, ba ta kai kwanar dutse sai ta fashe ko ta fice daga rim. Da ya ba wancan sakaran makulli, gawa huɗu za a kwasa."

Ya kafa wa bango ido.

"Shekara talatin da suka wuce na fito daga yashi ina sauri, ban tsaya mayar da iska ba. Abokin tuƙina aka binne. Ko uwarki ban taɓa gaya wa dalili ba." Ya miƙo hannu. "Kawo hannunka, ɗan nan."

Hannun yana rawa kamar ranar farko. Baba ya riƙe shi gam.

"Ya yi ta rawarsa. Ka turo min manyanka."

A baranda Auta ta tsaya a gabansa tana murza bakin mayafi.

"Na faɗi abin da bai kamata ba."

"Tsoro kika ji. Ni ma shi na ji."

"Ka yafe min?"

"Tun kafin in gama taya ta uku."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kai dai Allah ya shirye ka, Rabin Raina."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya fito yana dogara sanda, likita ya hana shi tsayuwa mai tsawo amma ya ƙi zama har aka shafa. Da za a tafi da amarya ya kira su biyun, ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Ke, ki rage saurin baki. Kai kuma, ka riƙe min ita yadda ka riƙe ni. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana."

Duk gidan suka amsa da amin.