Fitilar Kaka Nesta

Da Kaka Nesta ta rasu, muka gyara gidanta na bakin teku, muka fara ba masu zuwa hutu haya. Muka cire tsohon sunan gidan daga ƙofa, muka liƙa na Turanci don baƙi su iya faɗa. Fitilar da take kunnawa a taga tun ranar da teku ya tafi da mijinta Idwal yana matashin masunci, ita ma na ɗauke ta, don wani baƙo ya ce tana hana 'ya'yansa barci.

Wata Asabar da magariba na gama sauya zannuwan gado, ina kulle ƙofa, sai ga wani saurayi yana hawowa daga bakin ruwa. Rigarsa ta masunta tana ɗiga, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ƙarnin kifi ya riga shi isowa. Tsuntsayen teku suka yi tsit.

"'Yata, ina gidan Nesta? Da fitilarsa nake gane hanya."

Da yarenmu ya yi magana, irin na tsofaffi, ga shi na girme shi nesa ba kusa ba. Makullin ya yi mini nauyi a hannu.

"Ban sani ba," na ce da Turanci. "Ni shara kawai nake yi a nan."

Ya dubi sabon sunan, ya daɗe yana kallon tagar da ba haske. Sannan ya dube ni.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ga shi kuwa goshin Nesta ne da ke."