Guduma a Kan Kabarin Waliyya Ricca

"Bindo?!"

Kyandirorin da ke hannun Nencia suka zube ƙasa. Tun rasuwar kakarta ita ke kula da kabarin Waliyya Ricca a cocin ƙauyensu, ita ke kai ɗamarar waliyyar gidan duk mai naƙuda. Yau da hantsi ga mutanen birni su huɗu sun kewaye kabarin, ga saurayinta Bindo mai sassaƙar dutse durƙushe da guduma a hannu.

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Me kake yi?!"

Wani mai doguwar baƙar riga ya ɗaga takarda. "Umarni ne, yarinya. Babban cocin birni za a mayar da ƙasusuwan waliyyar."

Nencia ta juya ga Bindo.

"Kai za ka fasa? Kai, Bindo?"

"Ce mini aka yi gyara ne, sai da na zo na ji..."

"Amma ba ka ajiye gudumar ba!"

Ta haye dutsen kabarin ta zauna, hawaye na zuba.

Kafin ka ce me, labari ya kai bakin rijiya. Mata suka cika cocin, wasu hannu duk ƙullu. Wadda ke gaba ita ce Monna Lagia, mahaifiyar Bindo, wadda ta rantse ɗanta ba zai auri "mai goge kabari" ba.

Nencia ta dubi tsohuwar. Shikenan, cin mutunci ya zo.

Sai tsohuwar ta tattara rigarta ta haye dutsen.

"Matsa mini, 'yar nan."

"Mama?!" Bindo ya zaro ido.

"Rufe mini baki! Kwana biyu ina naƙudarka, ka taho ta ƙafa, har ungozoma ta fitar da rai. Kakar yarinyar nan ce ta rugo da ɗamarar ta ɗora mini a ciki. In aka kai waliyyar da ɗamararta birni, wa zai yi tafiyar yini guda mace na durƙushe? To, fasa, amma ka fara ta kaina!"

Gudumar ta suɓuce daga hannunsa.

"Ku nemi wani," ya ce da baƙin.

Suka dubi mata talatin, suka naɗe takardarsu suka fice.

Bindo ya rarrafo gaban Nencia. "Ki yafe mini, hasken idona..."



"Yafe masa mana," in ji Monna Lagia. "Sakarai ne, amma namu ne. Ana gama tsinkar inabi za a yi bikin, kuma ni zan ɗinka miki rigar."

Nencia ta fashe da kuka, ta kifa kanta a kafaɗar tsohuwar.