Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar da ta shigo ajinsa riƙe da wata hula mai wayoyi, yara suka yi tsit. Mai binciken ƙwaƙwalwa ce, ta zo auna yadda ɗalibai ke maida hankali. Malamin aji huɗu kuwa, kallo ɗaya ya yi mata nasa hankalin ya gudu.

"Sannu, Mai Hula," ya ce.

"Malam, ka kiyaye ni," ta ce tana murmushi.

A ƙa'idar aikinsu ba a sanin sunan yaro, sai lamba. Takardar sunayen tana kulle a teburin Malam.

Soyayya ta yi nisa tsakaninsu, sai magana ta bazu, wai hular tana zuƙe basirar yara. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu.

Umma, mahaifiyarsa, ta ce, "Wallahi ba za ka kawo min ita gidan nan ba. Dubi Auta! Tun da aka sa mata hular nan sai ta kafe ido, kana kira ba ta ji."

Auta ƙanwarsa ce, a ajinsa take, shi ma ya lura. Ya daina ɗaga wayar Mai Hula. Yana kewarta kamar me, yana kuma tsoronta.

Rana ta huɗu saƙo ya shigo:

"Malam, ka guje ni in ka so. Yau na duba gwajin lamba goma sha bakwai, akwai alamar farfaɗiya, irin wadda ba ta kayarwa. Ban san ɗan waye ba. Don Allah a kai shi asibiti."

Ya buɗe takardar sunayen, ya bi layi da yatsa. Auta ce.

Likita ya ce ciwon ya girmi hular. Da ya kama ta a tsakiyar titi, da sai dai wani labarin.

Umma ta dube shi. "Mai Hular ba ta ma san tamu ce ba?"

"Ba ta sani ba."

"Tashi ka ba ta haƙuri."

Ya je, zai yi bayani ta tare shi. "Kar ka faɗa min suna, masoyi. An samu magani?"

"An samu."

Ranar aure Umma ta riƙe hannun amarya. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Auta ta matso, ta ja mayafinta.

"Anti, ni ce sha bakwai."

Amarya ta durƙusa ta rungume ta, kuka ya ƙwace mata.