Zanen Khairat

Kwana tara ke nan da aka raba Radiya da ƙanwarta Khairat, kwana tara ba ta iya haɗiye loma ba! Tun rasuwar iyayensu ita ke riƙe da yarinyar a gidansu na Ƙofar Kuyambana, ita ke mata wanka da kitso, har ranar da aka ga shatin bulala a bayan yarinyar, Baffa Ya'u, ƙanen mahaifinsu mai son ya kori Radiya daga gidan, ya tara unguwa yana rantsuwa aikinta ne. Ya ɗauke yarinyar, ya kai ƙara. Khairat kuwa, 'yar shekara shida, ta daina magana ɗungurungum... Maƙwabta suka daina amsa sallamar Radiya, masu kawo mata ɗinki suka kwashe kayansu.

Alƙali ya tura su wurin Dakta Asma'u, likitar halayyar yara. Radiya ta rakuɓe a bakin ƙofa. Idan yarinyar ta ci gaba da shiru fa? "Ya Allah, Kai ne shaidata..."

Dakta ta sa Baffa ya jira a waje, ta miƙa wa Khairat takarda da fensira masu launi. "'Yata, ba sai kin tuna abin tsoro ba. Zana mini inda kike jin daɗi."

Aka daɗe. Ƙaramin hannun ya zana keken ɗinki, da mace mai dogayen hannuwa ta rungume yarinya.

"Wace ce wannan?"

Wata siririyar murya ta ce, "Yaya." Hawaye suka ɓalle mata. "Ita take shafa mini magani. Baffa ne ya dake ni da wayar rediyo, ya ce in na faɗa zai kashe ta!"

Radiya ta zube ƙasa tana kuka. "Innalillahi! Khairat, saboda ni kika yi shiru?"

Dakta ta shaida wa kotu cewa zane shi kaɗai ba hujja ba ne, amma ya ba yarinyar ƙarfin buɗe baki, binciken asibiti kuma ya gaskata ta. Aka yanke wa Baffa ɗaurin shekara biyu, yana kuka yana neman gafara.

A harabar kotun Khairat ta ruƙunƙume yayarta. "Yaya, goya ni, mu tafi gida. Yunwa nake ji."