Babur Mai Ƙarnin Teku

Da hantsi Badamasi mai tsire ya faɗo ofishin 'yan sanda na unguwar Mansur a Makka, yana huci kamar wanda aka tsamo daga tukunya.

"Ya Mulazim, an sace dabbab ɗina, babur ɗin nan nawa! Da shi nake kai wa mutane nama. Tun shekaranjiya babu shi babu labarinsa."

Sufeto Mish'al, wanda ake kira Mulazim a Larabce, haifaffen Makka ne, jikan alhazan Kano, Hausarsa tana ɗan ɗingishi amma idonsa ba ya kuskure. Ya ɗauki hularsa ya bi shi.

Suna isa shagon sai ga babur a jingine a bayansa, kamar bai taɓa motsawa ba.

"To ai ga kayanka," in ji Sufeto. "Mu rufe maganar?"

"Wallahi ba za a rufe ba! Sai na ga wanda ya yi min wannan cin fuska."

Sufeto ya durƙusa. An yage gefen kujerar, kuma a kan akwatin baya akwai sawun 'yan hannuwa masu dogayen yatsu. Ba na yaro ba ne, na birai ne, irin waɗanda ke tare matafiya a hawan Hada, hanyar Ɗa'ifa. Ya ƙwaƙulo farin yashi daga tsagin taya ya ɗanɗana, sai ya ji gishiri. Ya shinshina, ƙarnin teku.

Ya jinjina kai. Ɗan babur ɗin da bai wuce kai tsire lungu ba, ya hau ƙololuwar dutse, ya gangara har bakin ruwa!

"Wa ya san inda kake rataye mabuɗi?"

"Daga ni sai Issoufou mai hura min wuta. Shi kuwa yana kwance, zazzaɓi."

A unguwar Misfala suka same shi, a wani ɗaki can saman bene. Saurayi ne ɗan Maraɗi, leɓɓansa duk sun tsage.

"Ina ka je shekaranjiya?"

"Ban tahi ko'ina ba, yallaɓai. Masassara ta kada ni."

"Masassarar ce ta ƙona maka hanci haka?"

Issoufou ya sunkuyar da kai. A gefe kawunsa Malam Tsoho yana zaune da carbi, idanunsa sun yi fari da yana.

"Baba, yaron nan yana gida shekaranjiya?"

"Yana nan, ɗana. Ni da ko ƙofa da ƙyar nike gani, wa zai kula da ni in ya hita?"

Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya. Sufeto yana saukowa, maƙwabciyarsu Fatsuma mai kunu ta tare shi da faranti.

"Tafaddal, bismillah, ya waladi, ɗauki rumman. Na Ɗa'ifa ne, tsarabar Malam Tsoho. Kowa a benen nan ya samu, yara kuma an ba su wuri da katantanwar teku. Har gidan Badamasi an aika da nasu."

Badamasi ya buɗe baki. "Au! Wanda na sha jiya da dare?"

Dariya ta kusa ƙwace wa Sufeto. Ɓarawo ya kauce wa shingen bincike, ya tsere wa birai, amma ya kasa shigowa gida hannu rabbana. Bahaushe ko a ina yake, tsaraba ba ta barinsa.

Suka koma sama. Sufeto ya ajiye rumman ɗin a gaban Issoufou.

Saurayin ya dubi rumman ɗin, ya ɗago kai.

"Ni na ɗauka. Likita ya ce idon Kawu ba ya kai baɗi. Tun yana saurayi yake tura keken alhazai a garin ga, bai taɓa leƙa bayan duwatsun nan ba, don ba ya da iƙama, takardar zama ƙasa. Ya ce mini in kai shi ya gani, ko sau ɗaya."

"Kai kana da ita?"

"Ba ni da."

Sai tsohon ya karɓe zancen, fuskarsa ta washe.

"Ɗana, hanya tana naɗewa jikin dutse kamar rawani. Muka hau, muka hau, sai ga girgije ƙarƙashin ƙahwahuna! Ni Tsoho, ina bisa, hadari na ƙasa. Na ce yaro tsaya, na yi sujada nan bakin hanya. Kashegari muka gangara Shu'aiba. Ruwa, ɗana, ruwa ba gaɓa, shuɗi har ya haɗe da sama. Rana ta yi ja ta nutse ciki ina kallo. Subhanallah! Ko yanzu idon ya ruhe, na cika shi."

Tsigar jikin Sufeto ta tashi, shi da ya sha bin hanyoyin nan a mota gilashi a rufe.

Badamasi ya share ido da hannun riga. "Halas, shi ke nan, ya Mulazim, na yafe. A rufe maganar."

"Da safe na tambaye ka ko mu rufe, ka ƙi, baffa," in ji Sufeto a hankali. "Sata ka yafe, ta wuce. Rashin iƙama kuwa ba a hannunka yake ba, ba a nawa ba. Sunansa ya riga ya shiga takarda." Bai kalli inda tsohon yake ba, kuma bai tambaye shi tasa ba.

Kowa ya san abin da ke gaba: tarhil, jirgi zuwa Yamai, babu dawowa.

Issoufou ya miƙe ya sa takalmi, ya durƙusa gaban kawunsa. Tsohon ya shafa kansa, ya danƙa masa wuri ɗaya a tafin hannu.

"Ka yi nadama?" Sufeto ya tambaye shi a kan matakala.

"Da ka ga huskar Kawu bakin ruwan nan, yallaɓai, da ba ka tambaya ba."

Aka sa shi a mota. Badamasi ya tsaya a ƙofar benen har ta ɓace, sannan ya juya ya hau sama, don yanzu babu mai kai tsohon masallaci sai shi.